Saiwar Haƙorin Ta-Zakka

Sunanta na yanka Safiyyatu, amma a Karare ba mai kiranta da shi. Ta-Zakka ake ce mata, don daga Zakka aka kawo ta. Ɗiyar Malam Hashimu ce, mai makarantar allo a bakin masallacin garin. Mijinta Rabe Wanzami ya fara ganinta ne wata rana da ya je Zakka aikin suna, ta miƙo mashi ruwan da zai jiƙa kan jariri. Ya dawo Karare ya dami iyayensa da maganarta har sai da suka tashi suka je nema. Ita ma da aka tambaye ta ba ta ce a'a ba.

Gajeruwa ce mai jiki, baƙa, mai yawan magana da dariya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Karare kuwa ƙasar gyaɗa ce, in kaka ta yi ba gidan da ba ka jin ana suya, amma ƙulin Ta-Zakka daban yake, don tana sa mashi citta da ɗan barkono, kuma ba ta matse shi har ya zama dutse. Ita ce kuma mai guɗar unguwarsu. In aka yi haihuwa ko aka kawo amarya, sai an aika an kira ta. Haihuwa ta yi da dama, amma ɗiyar fari kaɗai ta tsaya mata, Zuwairatu, wadda ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce yarinyar nan. Sauran duk tun suna goye suka koma.

Rabe gadon wanzanci ya yi. Aski, ƙaho, kaciya, tsagar gado, duk aikinsa ne, har da cire haƙori. Yana da wani ɗan awartaki a zabirarsa da wani maƙerin Batsari ya ƙera mashi, kuma an san shi da sauƙin hannu. Daga ƙauyuka ake zuwa mashi da kumburarren kunci, a koma gida ana sa mashi albarka.

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, Ta-Zakka tana cin dambu da rana ta tauna tsakuwa. Ta ji ƙarar har cikin kunnenta. Ta tofar, ta kurkure baki, ta zagi mai niƙa cikin wasa, ta ci gaba da cin abincinta ta ɗaya gefen. Ashe haƙorinta ne, turmin ƙasa na hagu, ya tsage. Da fari ruwan sanyi kawai yake ƙi. Kafin damina ta faɗi ya fara zugi, irin zugin da ke bin muƙamuƙi ya hau kunne ya raba kai biyu.

Ba abin da ba ta sa mashi ba. Ta danna kanumfari a ramin, ta kurkure da ruwan kanwa mai ɗumi, ta sa garin taba, ta sa tafarnuwa har dasashinta ya saɓule. Wata tsohuwa a unguwar, Fanta, ta ce ai tsutsa ce ke cin shi. Ta zo da 'ya'yan gautan kura ta zuba a kan tsingaro mai zafi da ɗan man shanu, ta kifa ƙoƙo mai huda, ta sa Ta-Zakka ta kafa baki tana zuƙar hayaƙin. Da aka ɗaga ƙoƙon sai ga waɗansu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwan da aka ajiye a ƙasa. Fanta ta nuna ta ce ga su nan sun fito. Ta-Zakka ta yi murna, ta cika mata kwano da ƙuli. Kafin kasuwar Batsari ta zagayo ciwon ya dawo, ya ma fi na da.

Rabe ya duba haƙorin ba sau ɗaya ba. Kullum in ya duba sai ya rufe mata baki ya ce a dai ci gaba da kanumfari. Wata safiya ta tare shi yana rataya zabira zai fita.

"Maigida, kai ne mai cire wa mutanen gari, ta cikin gidanka kuma ka zuba mata ido?"

"Ba ido na zuba maki ba," in ji shi. "Haƙorin nan ya ruɓe ta ciki, amma gindinsa ƙam yake. In na kama shi yanzu yana iya karyewa. Ki bari ya fara girgiɗi."

"Yaushe zai yi girgiɗin? In na mutu?"

"Haba, Ta-Zakka."

"Wallahi jiya sai da na ɗauki taɓarya na duba ta, na ce ko in buga mashi in huta. Ka cire mani shi. In ba ka iya ba, ka faɗa mani in tafi Batsari wurin maƙeri, gari ya ji matar wanzami ta je maƙera cire haƙori."

Ya sauke zabirar.

Ranar an yi dace Asta ta shigo da ƙwaryar nono. Asta Bafillatana ce, matar wani makiyayi Yero. Da rani rugarsu kan sauka bayan Karare a gonakin da aka girbe, da damina su koma wajen Tsaskiya, bakin daji. Ita da Ta-Zakka ƙawance suka ƙulla tun suna amare, ta kawo mata man shanu, ita kuma ta ba ta man gyaɗa. Ita Rabe ya sa ta zauna a inuwar rumbu ta rungume kan Ta-Zakka a cinyarta.

Ya yi bismilla ya kama. Ya girgiza hagu, ya girgiza dama, kamar yadda ya saba. Ta-Zakka ta ƙanƙame zanen Asta, ba ta yi ko tari ba. Da ya ja sai aka ji ƙas. Ya ɗago awartakin ya duba, kan haƙorin ne kawai, baƙi ƙirin ta ciki. Saiwar tana can ƙasa.

Ya ɗauko tsinken ƙarfe ya shiga tono. Jini ya cika bakin, ya share, ya sake cika, ba ya ganin komai. Gumi ya jiƙa mashi riga. Yana cikin haka jikin Ta-Zakka ya saki.

"Wanzam, bari hakanan," in ji Asta. "Ka ga ta sume. Bari, don Allah."

Ya bari. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ya cusa mata auduga da garin bagaruwa. Abin da ta fara tambaya, da ƙyar, shi ne, "Ya fita?"

Ya nuna mata guntun a tafin hannunsa. Ya ce, "Rabi ya fita."

Bayan 'yan kwanaki kuncinta ya kumbura har idon hagu ya rufe. Zazzaɓi ya kwantar da ita. Kumburin ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi ya tsaya, yana ƙyalli kamar an shafa mai. Kowa ya san sakiya yake so, wato a gasa ƙarfe a huda shi, amma Rabe ya ce hannunsa ba ya sake taɓa ta da ƙarfe. Ya tafi Batsari da ƙafa ya ɗauko Maude, wani dattijon wanzami abokin mahaifinsa. Maude ya yi sakiyar. Mugunya ta zubo mai yawa, mai wari, Ta-Zakka ta yi ajiyar zuciya ta kama barci. Mata suka shigo barka. Maude ya ce in Allah ya so ciwon ya fita ke nan, saiwar za ta biyo bayan mugunyar.

Saiwar ba ta biyo ba, hudar kuma ba ta rufe ba. Ta zama ɗan rami ƙarƙashin haɓa ta hagu, kullum yana tsattsafo ruwa. Wani lokaci ya yi ɓawo kamar zai warke, sai wurin ya sake ɗaurewa, zazzaɓi ya zo, ya fashe. Ta shiga ɗaure haɓarta da tsumma, ta zagayo da shi ta ƙulle a ka, ƙarƙashin kallabi. Kullum akwai tsummoki a shanye a kan dangar gidan. Muƙamuƙin kuma ya riƙa sanƙarewa a hankali, har ya zamana bakin ba ya buɗuwa fiye da yadda yatsa zai shiga. Tuwo ya gagare ta sai an dama shi da miya ya yi ruwa. Kunu da fura suka zama abincinta. Asta kan dama mata furar da kindirmo ta tace, don kada gaya ya tsaya mata.

Sana'ar ita ta fara tafiya. Ba wanda ya faɗa mata magana, amma masu aiko da kwalba sayen mai suka ragu, ƙulin ya fara kwana. Wata rana ta hangi maƙwabciyarta da suka shekara suna ciniki ta wuce ƙofar gidan da kwalba a ɓoye cikin mayafi. Zuwairatu, wadda a lokacin ta zama budurwa, ta fusata za ta bi ta da magana. Uwar ta riƙo hannunta.

"Ƙyale ta," ta ce ta tsakanin haƙora. "Ni ma da ni ce, ba ni sayen abin ci wurin mai wannan wari."

Ta ba da aron kaskon suyarta, ba ta sake tambayarsa ba. Biki kuwa ta daina zuwa tun kafin a daina kiranta. Ko a bikin Zuwairatu, da aka aurar da ita nan cikin Karare, ɗaki ta shige ta zauna, wata ce ta yi guɗar.

Shi ma Rabe ya canza. Aski da ƙaho yana yi, amma in aka zo mashi da ciwon haƙori sai ya ce a wuce Batsari. Ya zama duk inda ya ji labarin mai magani sai ya je. Ya kawo sassaƙe, ya kawo saiwa, ya kawo garin da ake barbaɗawa, ya kawo na turare. Yero mijin Asta ya shiga dajin Rugu ya haƙo wata saiwa mai ɗaci da suke wanke wa shanu gyambo da ita. Kowanne in an fara sai a ga kamar da sauƙi, a ce wannan karon an dace, kafin wata ya mutu a koma gidan jiya.

Da abin ya ƙi, sai ta ce a kai ta gida. Lokacin Malam Hashimu ya rasu, wanta Malam Musbahu ke riƙe da makarantar. Ya sa aka gyara mata ɗakin mahaifiyarsu. Kullum da safe ya rubuta mata allo ya wanke, ta sha ta shafa, ya yi mata tofi a wurin. Matan gidan suka fara raɗe-raɗin ko sammu ne, ko wata mai sana'a irin tata ce ta yi mata jifa. Wata ma ta kawo shawarar a kai ta wurin 'yan bori masu girka. Malam Musbahu ya ji, ya tsaya a tsakar gida ya ce kada ya sake jin wannan magana, ciwo ne daga Allah kamar kowane ciwo, kuma kowa ya san mafarinsa.

Wannan kalma ta ƙarshe ta kai kunnen Rabe. Da ya zo dubiya suka zauna a zaure, bayan doguwar gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa. Hannuna ne mafari. Na san zai karye, na kama."

Malam Musbahu ya ci gaba da jan carbinsa. Ashe Ta-Zakka tana bayan asabari tana ji. Ta ɗaga ta shigo ta durƙusa.

"Yaya, ni na sa shi. Ya ƙi, ya ƙi, na ce zan tafi maƙera in ba shi kunya. In da mai laifi ni ce."

"Ba mai laifi," in ji Malam Musbahu. "Abin da na faɗa don in kashe maganar sammu na faɗe shi. Rabe, ka yi haƙuri. Ni iyakar abin da na sani na yi. Addu'a ba mu dainawa, amma in akwai wani wuri da ba a je ba, a je."

Wurin da ba a je ba shi ne asibiti. A wancan zamani mutanen ƙauye tsoronsa suke. Ana cewa in ka shiga yanka ka za a yi, in ka mutu kuma ba a ba danginka gawa da wuri. Mace mai aure kuwa, a ce namiji baƙo ya buɗe ta yana dubawa, ba kowane miji ke yarda ba. Abin da ya karya wa Rabe wannan tsoro wani tsohon soja ne, Mamman, da ya zo aski. Ana cikin hira ya wangale baki ya nuna mashi giɓi a can ciki.

"Ka ga nan? A bariki aka cire. Shi ma karyewa ya yi. Likita ya soka mani allura, gefen fuskar nan ya mutu murus, ya tsaga dasashi ya zaƙulo saiwar ina kallonsa. Ko cizon sauro ban ji ba."

Rabe ya tsaya da aska a hannu. Ya sa shi ya maimaita labarin tun daga farko.

Ranar kasuwa ya ɗora ta a jaki suka tafi Batsari wurin malamin magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Saurayi ne, mai ladabi. Ya kwance tsumman ya duba, ya wanke ramin da wani ruwa ja kamar garura, ya ba ta fararen ƙwayoyi. Sannan ya ja Rabe gefe.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, wannan ya fi ƙarfina. Ciwon ya shiga ƙashi. Abin da ke nan wurina na wanke gyambo ne da zazzaɓi. Ku tafi birni."

Sai da aka gama kaka suka samu tafiya, a bayan motar da ke kwasar gyaɗa zuwa Katsina. Ita ce shigarta mota ta fari. Ta zauna bisa buhuna ta dafe haɓa da hannu biyu, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi a muƙamuƙi. A asibiti aka ba ta gado a ɗakin mata, Rabe kuma ya sauka a zauren wani wanzami ɗan'uwan sana'a. Likitan Bature ne, da tafinta yake magana. Ya sa aka riƙa yi mata wata sabuwar allura safe da yamma. Ya kuma ciro wani ɗan ɓallin mataccen ƙashi daga ramin.

Abin mamaki, sai ga kumburi ya saɓe. Warin ya ɗauke, ruwan ya tsaya, bakin ya ɗan ƙara buɗuwa. Wata rana Rabe ya shigo dubiya ya iske ta tana tsotsar ɗan ƙosai da wata mai jinya ta ba ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, ya kasa ƙarasowa.

Amma ranar sallama likitan ya kira shi. Tafinta ya ce, "Ya ce a gaya maka allura ta kwantar da ciwon ne, ba ta kashe shi ba. Saiwar tana nan, ƙashi ya rufe ta. Sai an ɗauki hoton ƙashin an ga inda take, kuma mai wannan aiki likitan haƙori ne, yana Kano. In ba a cire ta ba, ciwon zai dawo."

Rabe ya ce daga nan Kano za su wuce, ba sai sun koma gida ba. Ta-Zakka ta ce ina.

"Yarinyar nan cikinta ya tsufa. Haihuwar fari ce. Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa?"

"Ga gwaggonninta nan."

"Ina raye? Maigida, shekara nawa ina abin tausayi a gidan nan, ban tsinana mata komai ba, ko a bikinta ɓoyewa na yi. Yanzu da na samu lafiyar tsayawa bakin murhu, ka bar ni in yi mata wannan. Kano ba ta gudu. In an yi arba'in sai mu tafi."

Ya yi ta lallashi, ta ƙi. Suka hau motar da ta kawo su suka koma Karare.

Zuwairatu ta haifi ɗa namiji lafiya. Ta-Zakka ta yi mata wankan jego da hannunta, safe da yamma, ita ke faskare, ita ke ɗora tukunya. Waɗanda suka san ta sun ce ba su ƙara ganinta cikin walwala irin ta waɗannan kwanaki ba. Rabe da kansa ya yi wa jikan askin suna.

Kafin a gama arba'in zafi ya shigo, sanƙarau ya shigo tare da shi. Shekarar ba a manta ta ba a ƙasar nan. Mutum ya tashi lafiya, da rana ya ce kansa, kafin gobe wuya ya sanƙare. Aka yi shela a daina taro, kasuwanni suka mutu, motoci suka ɗauke ƙafa. Maganar Kano ta tsaya sai annoba ta wuce. Rabe kuwa bai zauna ba, don duk gidan da aka kwanta shi ake kira ya yi ƙaho a ƙeya, ko Allah ya sa a dace. Ta ce mashi ya rage shiga gidajen nan. Ya ce mutanen da ya yi wa askin suna ne, ba ya iya cewa ba ya zuwa.

Wata rana da azahar ya dawo ya ajiye zabira ya ce a shimfiɗa mashi tabarma a inuwa. Bai ƙara tashi ba. Cikin zafin ciwo ba abin da yake maimaitawa sai a ɗaure wa jaki akumari kada mota ta tafi ta bar su. Ta zauna a kansa tana jiƙa tsumma tana ɗora mashi a goshi, tana cewa an ɗaure, an ɗaure. Kafin Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Tana cikin takaba ramin ya sake buɗewa.

Da ta fita takaba Malam Musbahu ya zo ya tafi da ita Zakka. Ya ce shi zai kai ta Kano in an yi kaka. Da gaske yake, amma mutum ne da bai taɓa wuce Katsina ba, ga makaranta, ga gona, ga idonsa ya fara hazo. Wannan kaka gero bai yi ba. Ta gaba matarsa ta kwanta ciwo. Ta bayanta ya tayar da maganar da kansa, har ya nemi wanda ya san hanya, sai ita ta ce a bari.

"Yaya, wanda ya ji bayanin likita ya tafi. Ni ban san sunan wurin ba, ban san wa za a tambaya ba. Mu je mu tsaya tsakiyar Kano, kai ba ido, ni ba baki? Ka bar ni hakanan."

Ya ce Allah ya sa kaffara ne. Ta ce amin.

Haka ta zauna shekara da shekaru a ɗakin mahaifiyarta. Ta koma kaɗi, tana sayar da zare ga masaƙa. Ta rame har zanenta na zagaya ta ya yi saura. In ciwon ya tashi ta kwanta, a kai ta wurin malamin magani a wanke a ba ta ƙwaya, ya lafa, ta tashi ta ɗauki mazari. Yaran gidan da aka haifa daga baya ba su san fuskarta ba tsumma ba, ba su kuma san tana da wata murya ba bayan wannan ƙaramar da ke fitowa ta tsakanin haƙora. Zuwairatu kan zo da yara ta kwana biyu ta koma. Asta ce ba ta yanke ƙafa ba. Ko da ta tsufa ta daina tallan nono, in rugarsu ta matso kusa sai ta dogaro sanda ta zo, ta dama mata fura, su zauna. Yawanci Asta ke magana, ita tana gyaɗa kai.

Wajen shekarun da aka fara maganar zaɓe da mulkin kai, wata safiya tana wanke wurin da ruwan bagaruwa mai ɗumi, sai ta ji wani abu mai tauri ya tokare bakin ramin. Asta na nan ranar. Ta kira ta da hannu ta nuna mata. Asta ta jawo ta bakin ƙofa wurin haske, ta ciro matsefatar da take cire ƙaya da ita, ta kama abin a hankali ta ja. Ya fito ba gardama, ɗan jini ya biyo shi.

Ta ɗora shi a tafin hannun Ta-Zakka. Baƙi ne, duk ya zaizaye, bai fi ƙwayar dawa ba.

"Wannan ne?" in ji Asta. "La'ilaha illallahu. Ɗan wannan?"

Ta-Zakka ta daɗe tana juya shi da yatsa. Hawaye ya gangaro mata ta gefen mai ciwon.

"Da ma Maigida ya gani," ta ce. "Ya tafi yana ganin kamar wani babban abu ya bar mani a baki."

Asta ta ce ta kawo ta jefar. Ta ƙi. Ta naɗe shi a ɗan ƙyalle, ta zagaya bayan ɗaki ta tona rami da tsinke ta binne.

Bayan wannan ramin ya bushe da kansa, ya rufe, ya bar lotsawa mai zurfi ƙarƙashin haɓa. Ta kwance tsumman. Muƙamuƙin dai ya riga ya ƙage, bai sake buɗuwa ba, kunu da fura ta ci gaba da sha. Ta ƙara 'yan damuna kaɗan, sannan tari ya kama ta da sanyin kaka, ta rasu a Zakka, aka binne ta kusa da iyayenta.